Likita, me ya sa ake duba kati kafin a dubi mutum?

Tambaya: Likita, ƙanena ya daɗe yana shan maganin taɓin hankali. Ya yi ta kukan ciwon ƙirji, muka kai shi asibiti. Da nas ta buɗe katinsa sai ta ce taɓin hankalinsa ne ya motsa. Haka ne? (Wata 'yar'uwa daga Funtuwa)

Amsa: 'Yar'uwa, ku mayar da shi yau, a auna hawan jini, a yi masa gwajin zuciya da na suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu taɓin hankali mai tsanani suna rasuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, akasari saboda cututtukan jiki. Wasu magungunan nasu ma suna ƙara ƙiba da suga.

Sunan ciwo yana rufe mana ido, mu ma'aikatan lafiya. A 1988, masu bincike Lewis da Appleby sun raba wa likitocin ƙwaƙwalwa a Birtaniya labarin majinyaci guda. Waɗanda aka gaya wa cewa an taɓa samun sa da matsalar halayya (lalurar ƙwaƙwalwa da ke shafar ɗabi'ar mutum da mu'amalarsa) sai suka ɗauke shi mai neman a kula shi, mai wahalar sha'ani. Abin yana ƙona mini rai, domin majinyacin bai canza ba.

Tambaya: Ni ɗan dako ne. Minti biyar likita ya rubuta mini magani, amma wani mai babbar riga ya daɗe a ciki. Talauci ne? (Wani bawan Allah daga Kano)

Amsa: Malam, wataƙila ciwonku ne ya bambanta, amma zarginka yana da tushe. Binciken Hollingshead da Redlich na 1958 a New Haven ta Amurka ya nuna cewa a cikin masu taɓin hankali, masu hali sun fi samun jinyar zama a tattauna, talakawa kuwa magani da kwantarwa. Likita yakan saki jiki da wanda ya yi boko irin nasa. In ka koma, ka tafi da tambayoyinka a shirye, ka yi su da Hausa: mene ne ciwona, yaushe zan ga sauƙi, wace illa maganin yake da ita?

Tambaya: Zan iya neman wani likitan? (Wata ɗaliba daga Sakkwato)

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yata. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 ta hana nuna wa majinyaci wariya. Sai dai kada ki daina shan magani kafin ki ga sabon likitan.