Wuya, Tsoro da Kaye: Amsar Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Ƙaura Namoda ya tambaya: "Malam, wuyan aiki ba a fara ba ake cewa, ko wuyar aiki?"

Wuyar aiki, ɗana. Wuya mai nufin wahala tamata ce, shi ya sa muke cewa wuya ba ta kisa. Wuyan da ke ɗauke da kai namiji ne: wuyan riga, wuyan tulu. Karin sautinsu ma daban yake. Na wahala daga ƙasa yake hawa sama, na jiki daga sama yake sauka. Mai rubuta "wuyan aiki" a Facebook ya yi wa aiki maƙogwaro ke nan. Bazamfare da Bakabe ba su saba yin wannan ruɗani ba, don ɗafin tamata, wato -r ta ƙarshen "wuyar", bai ɓace musu ba, sajewa kawai yake yi da baƙin da ke gaba: rigam Musa, motab Bello. Hausar waya ce ke kawo mana shi.

Wata malama daga Birnin Kebbi ta ce an ce tsoro na daji kunya na gida, an kuma ce faɗuwar gaba asarar namiji. Shin ba su ci karo ba?

Ba su ci ba, Malama. Masu cuɗanya kalmomin ne ke haɗa su faɗa. Tsoro sanin haɗari ne, kuma a daji shi ke dawo da mutum gida. Fargaba ta abin da bai iso ba ce, kamar ta mai jiran sakamakon jarrabawa. Razana da firgita farat ɗaya suke zuwa su wuce. Faɗuwar gaba da karin maganar ke zargi ita ce karaya tun kafin a gwabza.

A duba fagen dambe da kaka. Ɗan dambe ya naɗe hannu guda da zare, ɗayan ya miƙa shi gaba yana kariya da auna tazara. Turmi uku ake yi, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi. Kisa ne da ake tashi a kakkaɓe ƙura. Sabon shiga da gabansa ya faɗi, alamarsa ba ta ɓuya: yana runtse ido, hannun kariya ya sauka, ya ja da baya a miƙe maimakon ya goce gefe, nan naushi ke samun haɓa. Wanda aka taɓa kashewa ya san ta inda hannu ya shigo masa, sai ya toshe kafar. Tsoron yana nan, amma ya koma lura. Mata ma gabansu na faɗuwa, kada kalmar namiji ta sa a cire su.

Wani daga Jega: "Bayan wuya sai daɗi, alkawari ne?"

A'a, Alhaji, lallashi ne. Mai alkawarin ita ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, ita ma gudun kaɗai ta tabbatar.

Daga Talata Mafara an tambayi ko faɗuwa ta zo daidai da zama na nufin ɗaukar darasi daga kuskure. Ko kusa. Tsautsayi ne ya dace da abin da mutum dama yake so.