Sa'a ce, katari ne, ko tsintar dami a kala?

Wata ɗalibar ilimin kwamfuta daga Zariya ta turo tambaya, ta ce an ba ta aikin bayani da Hausa kan kalmar Turanci serendipity, wato mutum ya yi kiciɓis da wani alheri da ba shi ya fita nema ba, ta rubuta "sa'a" malaminta ya ce bai gamsu ba, to mece ce Hausarta?

'Yata, malaminki ya yi gaskiya, amma ke ma ba ki yi nisa da gida ba. Bari mu fara da inda kalmar ta fito don a nan matsalar take. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Horace Walpole ne ya ƙirƙiro ta a wata wasiƙa a 1754, daga tatsuniyar 'ya'yan sarkin Sarandib su uku, Sarandib kuwa tsohon sunan Siri Lanka ne, haka Larabawa ke kiranta. Su waɗannan 'ya'yan sarki ba su taɓa ganin wani raƙumi da ya ɓata ba amma suka ce ido ɗaya gare shi, saboda sun lura ciyawar gefe guda kawai ya yi ta ci a hanya. Kin ga ashe ba sa'a ce tsagwaronta ba, akwai lura a ciki, akwai kaifin ido.

To "sa'a" daga Larabci muka aro ta, asalinta lokaci, wato abu ya faɗo a lokacin da ya dace. Malalaci ma yana yin sa'a, shi ya sa ake cewa sa'a ta fi sammako. "Arashi" kuma haɗuwar abu biyu ce ba shiri, kina zancen mutum sai ga sallamarsa, ba lallai a samu wata riba ba. "Katari" ko "gamo da katar" ya fi matsowa kusa don shi kullum alheri ne, sai dai bai ce komai ba kan ko mutum ya fita nema.

Karin magana ne ya fi kama abin. Wasu za su ce miki tsuntsu daga sama gasasshe, ni kam ban yarda ba, wannan na wanda ke kwance a inuwa ne ko wuta bai hura ba. Kaya ya tsinke a gindin kaba ma ba shi ba ne, shi matsala ce ta same ka daidai inda maganinta yake, igiya ta tsinke ga kabar da za ka tufka wata. Wanda nake ba ki shi ne tsintar dami a kala. Wanda ya tashi a ƙauye ya san kala, bayan an gama girbi an kwashe amfani sai yara da tsofaffi su bi gona suna tsintar zangarniyar da ta zube, ɗaya nan ɗaya can, rana na dukan ƙeya, to a ce cikin wannan sai ga dami guda ɗaurarre an manta shi a bayan kunya. Mai kala ya fito nema, idonsa na ƙasa, abin da ya samu kuma ya fi abin da ya fito nema nesa ba kusa ba.

Ga misali daga kimiyya. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin na maganin zazzaɓin cizon sauro, sai abin ya lalace ya bar masa wani baƙin dagwalo a gindin kwalba. Wani da tsaki zai yi ya zubar, shi kuwa da ya zuba masa sinadarin wankewa sai ya ga launin shunayya ya fito, ya gwada a siliki ya kama, daga nan masana'antar rinin zamani ta tashi. Haka Alexander Fleming a 1928, ya dawo hutu ya tarar fumfuna ta ɓata masa farantin gwaji, ya lura ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita sun mutu, asalin fenisilin ke nan, ko da yake sai da wasu masana a Okusfod suka sha wahala bayan shekara goma da wani abu kafin ya zama allura.

Ku 'yan kwamfuta kuma naku ya fi ba ni dariya wallahi. YouTube da TikTok sun iya kawo wa mutum irin abin da ya saba kallo har ya gundure shi, shi ne masu bincike ke neman yadda manhaja za ta riƙa kawo abin da ba ka nema ba, ba ka zata ba, amma kuma ya amfane ka, har auna shi suke so su yi da lissafi. Ni tambayata, in mai gona ne ya ajiye damin da gangan don ki tsinta, kala ce ko sadaka? Ki kai wa malaminki wannan.

A rubutunki dai in kalma ɗaya ake so sa "katari", in da fili ki ce "katarin mai nema", sannan ki kawo karin maganar a jimlar farko. Kalar nan fa ta gona ce, jan wasali gare ta, kar wani ya karanta miki ita da kala ta launi.