Tsakuwar mafitsara ta dawo wa karyata bayan an yi mata aiki: me ya kamata in yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da karya mai gadin gida a nan Katsina, shekararta 6, nauyinta kilo 25. Bara ta fara fitsarin jini, likitan dabbobi ya yi mata aiki ya ciro tsakuwoyi daga mafitsararta, muka zubar. Bayan wata 8 ta koma yawan tsugunawa, fitsarin yana fita kaɗan-kaɗan da wari, hoto kuma ya nuna tsakuwa ta sake taruwa. Abincinta ragowar tuwo ne da ƙashi da kayan ciki. Da rana tana keji, da dare muke sakinta. Wani ya ce in riƙa jiƙa mata kanwa. Sai an sake yanka ta? Me ke dawo da abin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kanwar nan dai a ajiye ta tukuna, dalilin yana zuwa. Aikin da aka yi bara ya kwashe tsakuwar da ke ciki ne kawai, bai taɓa abin da ke haifar da ita ba. Muddin sanadin yana nan, ko sau nawa aka buɗe mafitsara za ta sake tarawa. Tsakuwar mafitsara kuma ba iri ɗaya ba ce, maganin wata yana iya zama abincin wata, shi ya sa zubar da ta farko ya zama asara. Ita ce za ta faɗa mana irinta.

Iri biyu ne suka fi yawa a karnuka. Ta farko sitirubait, wadda ta fi kama mata, kuma kusan kullum ciwon ƙwayoyin cuta a mafitsara ne ke kawo ta. Wasu ƙwayoyin, musamman Istafilokokus da Furotiyus, suna farfasa sinadarin yuriya da ke cikin fitsari su mai da shi amoniya. Daga nan fitsarin ya rasa ɗan tsaminsa, ya koma ɓangaren kanwa, sai maganiziyam da fosfet su samu damar dunƙulewa. Warin da kake ji, mai yiwuwa wannan amoniyar ce. Ta biyu kalsiyam okzalet, ta fi kama maza da suka manyanta da ƙananan karnukan Turawa, ba ta narkewa da abinci ko magani, kuma kusan rabin karnukan da aka cire wa ita suna sake yi cikin shekara 3. Akwai yuret, wadda aka sani da karen Dalmeshiya mai ɗigo-ɗigo da masu lahanin jijiyar hanta, da sistin, ta gado, wadda a wasu mazan fiɗiya ke rage ta.

Mace ce, akwai wari, abin ya dawo cikin wata 8: zato ya fi karkata ga sitirubait. Idan haka ne, kanwa za ta ƙara rura wutar, domin tana tura fitsari daidai ɓangaren da wannan tsakuwa ke girma. Amma zato ba ya isa a ɗora magani a kansa.

Abu na farko shi ne gwajin fitsari, kuma gwaji biyu ne. Ɗaya na duba kaurinsa da tsaminsa da jini da ƙananan lu'ulu'un da ke ciki. Ɗayan, wanda aka fi tsallakewa alhali ya fi muhimmanci, shi ne a shuka fitsarin a ɗakin gwaji a ga wace ƙwayar cuta ce ta tsiro da wane magani ke kashe ta. Sakamakon yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Fitsarin shuka an fi so likita ya zuƙo shi da allura kai tsaye daga mafitsara ta fatar ciki, don wanda aka tara a ƙasa ya riga ya gauraya da datti. Na gwajin farko kuwa za ka iya tara na safe a kwano mai tsabta da aka ware don haka, da safar hannu, ka kai cikin awa ɗaya. In ya daɗe a ajiye, tsaminsa yana canzawa, lu'ulu'un da babu su a jikinta su fito a cikin kwalbar, sakamako ya yi ƙarya. Kada a ba ta kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗibi fitsarin. A haɗa da gwajin jini na ƙoda da suga da kalsiyam, saboda ciwon suga yana sa ciwon mafitsara ya ƙi tafiya. Idan kayan aikin ba su samu a kusa ba, likitanka zai iya tura ka asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

In gwaji ya nuna fitsari ya wuce 7 a ma'aunin tsami, wato ya koma ɓangaren kanwa, ga ƙwayar cuta ta tsiro, hoto kuma ya nuna tsakuwa masu santsi, to akwai damar a narkar da su ba tare da wuƙa ba. Ana haɗa abu biyu ne a lokaci guda: maganin da gwajin ya zaɓa, da abinci na musamman mai ƙarancin maganiziyam da fosfaras wanda ke mai da fitsari ƙasa da 6.5, irin su Hill's s/d ko c/d da Royal Canin Urinary S/O. Yawanci narkewar tana cin wata 2 zuwa 3, ana ɗaukar hoto duk sati 4. Tsakuwar tana da ɓawo-ɓawo kamar albasa, kowane ɓawo ya binne ƙwayoyin cuta, in ya narke sai su fito. Wannan ne ya sa likitoci da yawa ke ci gaba da maganin har tsakuwar ta ɓace daga hoto, abincin ma a ƙara masa kamar wata ɗaya bayan haka. Inda aka fi faɗuwa shi ne mai kare ya ga jini ya tsaya bayan kwana 5 ya daina, ko yara su riƙa jefa mata ƙashi da loma ta bayan fage. Lomar tuwo da miya kullum ta isa ta rushe aikin abincin. In an yi sati 6 zuwa 8 tsakuwar ba ta rage girma ba, ko dai maganin bai dace ba, ko ana ba ta wani abu a ɓoye, ko tsakuwar gauraye ce mai okzalet a ciki. A nan aiki ya zama dole. Abincin s/d yana da maiƙo sosai kuma na ɗan lokaci ne, ba a ba kwikwiyo ko mai ciki.

Abincin yana da tsada, sau da yawa ma sai an aiko da shi daga nesa. In aljihu bai kai ba, ko tsakuwar ta yi girma, ko tana wahala ƙwarai, sake aikin ba laifi ba ne, amma a wannan karon da sharuɗɗa. A ɗauki hoto nan take bayan an ɗinke, domin barin ragowar ƙanana a ciki abu ne da ke faruwa, kuma da yawa daga abin da ake kira dawowa ragowa ce ta girma. A yi ɗinkin da zare mai narkewa, don zaren da ya leƙa cikin mafitsara yakan zama ƙwayar da sabuwar tsakuwa ke naɗuwa a kai. A ɗauki ɗan yankin bangon mafitsarar a shuka. Tsakuwoyin kuma a ɗauraye su da ruwa, a shanya, a zuba a busasshiyar roba, ba cikin sinadari ba. Cibiyar binciken tsakuwa ta Jami'ar Minesota a Amurka tana yi wa likitocin dabbobi na ko'ina wannan bincike kyauta, kuɗin aikawa kawai ake biya.

Yanzu ga abin da ke hannunka kai, kuma shi ne zai fi tasiri: ruwa da fitsari. Lafiyayyen kare yana bukatar kamar mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kowane kilo kullum. Taka mai kilo 25 ke nan lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, wato kusan ledar fiya wata guda 3, a sanyin hunturu ma. A bazarar Katsina, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kare yana zubar da ruwa mai yawa ta haki, bukatar tana iya ninkawa. Mai tsakuwa kuma so ake ta sha fiye da ƙishirwarta. Kare ba ya shan ruwa don an roƙe shi, don haka a zuba a cikin abincin: kowane kofin busasshen abinci a jiƙa shi da kofi 2 zuwa 3 na ruwa, ya zama kamar kunu. A ajiye kwano biyu a inuwa, ana canza ruwan safe da yamma. Kaskon ƙasa yana riƙe sanyi fiye da kwanon ƙarfe da rana ta gasa. Za a iya ɗan ɗiga romon nama don ƙamshi, amma wanda babu gishiri, babu magi, babu albasa da tafarnuwa, don waɗannan biyun suna fasa jinin kare. Mutane kan zargi ruwan burtsatse, amma yawan abin da ta sha ya fi irinsa muhimmanci. Alamar an yi nasara ita ce fitsari ya koma fari-fari, awon kaurinsa a asibiti ya sauka ƙasa da 1.020.

Kejin nan yana da hannu a ciki. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, sai ta riƙe fitsari tun asuba har bayan isha'i. Awa 14 ke nan fitsari mai kauri yana kwance da zafi, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa. A fito da ita aƙalla sau 4 a yini, kada tazarar ta wuce awa 6, kejin kuma a mai da shi inuwa. Likita ya duba gabanta ma: a karya mai ƙiba fata takan rufe wurin ta riƙe danshi, ciwo ya riƙa hawa sama, saboda hanyar fitsarin mace gajera ce.

Game da abincin gida, sai an san irin tsakuwar za a faɗi abin da za a cire. In sitirubait ce, hana ciwon dawowa shi ne rigakafin, sai a rage tulin ƙashi da kayan ciki saboda fosfaras. In okzalet ce, a janye alayyahu da dankalin Hausa da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kada a ba ta ƙwayar bitamin C ko garin ƙashi, likita kuma yakan ƙara fotasiyam sitiret, wani lokaci da maganin da ke rage zubar kalsiyam cikin fitsari. In yuret ce, hanta da ƙoda da kifin gwangwani su ne matsalar, kuma alofurinol da ake bayarwa in ba a gyara abinci ba yana haifar da wata tsakuwar dabam. Lemon tsami da tsamiya da ake cewa suna narkar da tsakuwa ba su yin haka. Maganin ciwon jiki na mutane daga kemis, irin ibufurofen da dikilofenak, yana huda cikin kare ya lalata ƙoda, kada a kusance shi.

Bayan an rabu da tsakuwar, a sake shuka fitsari kamar mako ɗaya da gama magani, a maimaita gwaji bayan wata ɗaya, sannan duk wata 3, hoto ko sikanin kuma duk wata 6. Amfanin wannan shi ne tsakuwar da aka kama tana ƙarama kamar ƙwayar gero ana iya cika mafitsara da ruwa a matso ta waje ba tare da yanka ba.

Ranar da ka ga tana yunƙuri babu ɗigo ko ɗaya, mararta ta yi tauri, tana amai ko ta kwanta ta ƙi abinci, hanya ta toshe ke nan. Ya fi faruwa ga namiji, don tsakuwa takan maƙale a bayan ƙashin da ke cikin gabansa, amma mace ma ba ta tsira ba. Cikin kwana 1 zuwa 2 fotasiyam yana taruwa a jini har ya taɓa zuciya, mafitsara ma tana iya fashewa. Kada ka matsa mata ciki, kada ka ɗura mata ruwa, ka kai ta wurin likita a ranar, ko da dare ne.