Tambaya da Amsa: Zan iya ɗinka Katsina a jikin bargo?

Salam Anti, ni 'yar Katsina ce amma aure ya kawo ni Birmingham a Ingila. Maƙociyata ta ja ni baje kolin barguna da ake yi duk shekara a NEC, babban zauren baje koli na wajen garin, irin bargon nan da ake harhaɗa ƙyallaye a ɗinke. Can na hango wani bargo, tun kafin in matso na ce wallahi wannan ginin kantin Selfridges ne na Bullring, cibiyar kantunan da ke tsakiyar Birmingham, an jera masa ƙananan da'irori masu ƙyalli kamar yadda yake a zahiri, ga gadar kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙa, a gefe. Tun ranar nake ta tunanin gida, ina so in yi wa Hajiyata irinsa da garinmu amma ban san ta ina zan fara ba.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Za ki iya mana. Kin ga ai ba don an ɗinka kowace taga kika gane Selfridges ba, siffarsa da da'irorin nan ne suka kama miki ido, to haka za ki yi wa Katsina, ki ɗauki abu guda da ko daga nesa aka hango an san gida ne, ni dai Hasumiyar Gobarau zan ce. Ki samo hotonta, ki zana gefe-gefenta kawai a takarda, yadda take faɗi a ƙasa tana tsukewa sama, ki yanka a ƙyalle ki ɗora kan babban yadi ki bi bakin da allura. Launi ne inda mutane ke yin kuskure, kar ki sa ruwan ƙasa mai duhu, ki nemi mai ɗan ja-ja irin na ginin laka in rana ta buge shi. Sararin sama kuwa in da mai zuwa daga Kano ki sa a taho miki da yadin rinin baba na Ƙofar Mata, amma ki wanke shi sosai tukuna don yana zuba, kar ya ɓata miki sauran.

In wuri ya rage ki ƙara Ƙofar Soro da 'yan gidaje masu zankwaye, kar ki cika shi da yawa. Bargon hawa uku ne, fuskar da kika ƙawata, auduga a tsakiya, sai yadin baya, ki ɗinke su tare. Ki fara da ƙarami na rataye a bango. Kuma dan Allah ki tambayi Hajiya ko tana da tsofaffin atamfofinta da ta daina ɗaurawa, da su za ki yi gidajen.