Me ya sa ake naɗe allon kallo in jirgi zai tashi ko zai sauka?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa ma'aikaciyar jirgin da ya taso daga Injamena ta ce ka mayar da allonka, alhali na bayanka suna ta kallo. Ba wariya ba ce, wurin zamanka ne.

Allon da ke manne a bayan kujerar gaba ba ya tare hanya, shi ya sa kamfanoni da yawa ke barinsa a kunne. Amma a layin farko da layin ƙofar gaggawa, allon yana fitowa ne daga hannun kujera a kan sandar ƙarfe. In aka taka birki da ƙarfi, fuskarka zai daka, in kuma ana gudun fita, gwiwa zai kama. Ƙa'idar gwajin manyan jirage ita ce kowa ya fice cikin daƙiƙa 90, rabin ƙofofi a rufe.

In za ka mayar da allon, cire wayar abin kunne tukuna, don takan maƙale. Juya allon, kwantar da sandar, tura har ka ji ƙas. In ya ƙi, kada ka danna da ƙarfi, kira ma'aikaci.

Tsayawar hoto lokacin sanarwa kuwa ba lalacewa ba ce, haka aka tsara don kowa ya saurara.