Motar da ba a gama biya ba, ta wa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗan kawuna ya ɗauki Toyota Hiace a hannun wani kamfani, irin hayar da ke ƙarewa da saye, wata 36, yana zuba jika 150 duk wata. Ya biya wata 22, yanzu yana so ya koma kasuwar hatsi. Ya ce in ba shi miliyan 1 da jika 200, in karɓi mota in ci gaba da zubi da sunansa, ba sai kamfani ya sani ba. In karɓa? Daga wani direba, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duk wasiƙarka kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai: "ba sai kamfani ya sani ba." Motar nan fa ba ta ɗan kawunka ba ce. A irin wannan yarjejeniya, wadda ake kira crédit-bail a takardun Faransanci, mota tana nan mallakar kamfani har a biya zubi na ƙarshe a kuma biya kuɗin sayen da aka yanka tun farko. Abin da ke hannun ɗan kawunka izinin amfani ne, kuma galibin irin waɗannan takardu sun hana miƙa motar ga wani sai da yardar mai ita a rubuce.

Ka duba yadda abin zai kasance in ka bi shawararsa. Wata 14 kana tashi da asuba kana lodin Dakoro ko Tasawa, kana zubi, rasit na fitowa da sunan wani. Ran da aka gama, shi za a miƙa wa mota. Ba na zarginsa da komai, amma rai a hannun Allah yake. In ya rasu, motar ta shiga lissafin gado, kai kuma ka tsaya gaban magada da bakinka kawai. In kuma kamfani ya gano, yana iya warware yarjejeniya ya ɗauke motarsa, kuɗinka sun bi ruwa.

Don haka ku tafi ofishin kamfanin tare, ƙafa da ƙafa. Ka nemi su ba ka lissafi a rubuce: nawa aka biya, nawa ya rage, akwai watan da aka tsallake ko tarar jinkiri, kuma nawa ne kuɗin sayen ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi mantawa. In sun yarda da kai, a sake takarda da sunanka, ku uku ku sa hannu, sannan ka ba ɗan kawunka kuɗinsa. Kafin nan ko dala kada ta fita daga aljihunka. In ya ƙi zuwa ofishin, ka sami amsarka.

Sai lissafi. Wata 14 sau jika 150 ya kama miliyan 2 da jika 100. Haɗa da abin da yake nema, miliyan 3 da jika 300 ke nan, ban da kuɗin ƙarshe da na sauya takardu. Ka zaga wurin dillalan mota ka ji nawa ake sayar da irinta mai shekarunta. Kada ka auna da abin da shi ya zuba, motar da ta yi kusan shekara biyu tana haya ta ci jiki. Ka kai ta wurin bakanikenka, ba nasa ba, ya duba inji da giya da ƙasanta. Ka gwada lambar jikin mota da wadda ke kan takardarta, ka ga takardun duwan, kuma ka sanar da kamfanin inshora cewa mota ta sauya hannu.

Tambaya: Malam, maƙwabcina yana biyan wani Alhaji kuɗin adaidaita duk mako, ba su rubuta komai ba. Yana so in karɓa wa ɗana ya ƙarasa. Daga wata uwa a Bagalam.

Amsa: Hajiya, cinikin biri a sama ke nan in ba ki ga Alhajin da idonki ba. Ki je da ɗanki da shaidu biyu, a buɗe sabon littafin zubi a gaban kowa, a rubuta abin da ya rage da ranar da za a miƙa takardun adaidaitar. A kuma yanke tun yanzu: in ta lalace ta yi mako a gareji, zubin wannan makon yana kan wa? In wani ya ce rubutu rashin yarda ne, ki tuna masa aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, kan rubuta bashi ta sauka. Kowa ya riƙe kwafinsa, ɗaya kuma a ajiye wurin mai unguwa.