Amsa ga Hajiya kan masu tsayawa layi a rage musu hanya a Amurka

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, na ji tambayarki, wai da gaske ne a kewayen Washinton ma'aikaci yana shiga motar wanda bai sani ba a kai shi ofis kyauta, kuma ba a yi masa kallon maroƙi? Na san abin da ke ranki, 'yan wan-cans ɗin Abuja, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, kike tunani. To saurara.

Direban ne ke neman fasinja, daga nan za ki fara. Babbar hanya mai lamba 95 da 395, wadda ta taso daga jihar Bajiniya ta shiga Washinton, tana da layin gudu a tsakiya, da safe ya nufi cikin gari, da yamma a juya shi. Mota mai mutum uku tana bi kyauta. Mai mutum ɗaya sai ya biya, kuma kuɗin yana hawa gwargwadon cunkoso, da safe yakan haura dala 20. To don ya cika mutum uku, sai mai mota ya bi ta wurin ajiye motoci, irin na Horner Road a Woodbridge, ko layin Bob's a Springfield wanda ya daɗe tun shekarun 1970. Ya sauke gilashi ya faɗi inda za shi, misali Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka. Na gaban layi ya maimaita da ƙarfi, mutum biyu na farko masu zuwa can su shiga. Shi ke nan fa. Slugging suke ce masa. Da yawansu ma'aikatan gwamnati ne da sojoji, wani da kakinsa, wani da katin aiki rataye a wuya, wa zai ce musu maroƙa?

Ba gwamnati ce ta kafa shi ba, amma yana da ƙa'idojinsa. Ba a ba da kuɗi, ko na mai. Fasinja ba ya fara hira sai direba ya fara, kuma ban da siyasa da addini. Ba cin abinci, ba taba, ba doguwar waya, ba ka taɓa rediyo ko gilashi. Ba a barin mace ita kaɗai a layi, namiji yakan ba ta wurinsa. In motar ba ta kwanta miki ba, ki ce a wuce, ba mai jin haushi.

Maganar kuɗin nan ita ce nake ta nanatawa mutane ba sa ji. Ku dubi San Faransisko, su ma sun yi irinsa a gadar Bay. A 2010 aka sa wa motocin haɗaka kuɗin gada, nan take gardama ta tashi, fasinja zai miƙa dala ɗaya ne ko a'a? Wani direba ya karɓa, wani ya ji kunya, wani fasinja ya yi kamar bai ji ba. Da kuɗi ya shigo an koma kabu-kabu ke nan, wanda ya biya sai ya fara ba da umarni, a sauke ni ƙofar gida, a kashe rediyo. Jakarta ma, da aka koma hayar mutane su cika mota, har da ƙananan yara, ai a 2016 soke dokar mutum uku a mota aka yi ɗungurungum. Kai, a bar wannan.

Abin da ya fi ɓata wa 'yan layi rai shi ne direban da ya ga layin motoci ya yi tsawo, sai ya zagaya ya kwashi mutane tun suna fitowa daga motocinsu. Wannan tsallaken layi ne, kuma ba a yafe shi.

Af, sai E-ZPass Flex, na'urar da ake maƙala wa mota don cire kuɗin hanya. Dole direba ya tura maɓallinta zuwa na mutum uku, in ya manta za a cire kuɗin ko da motar cike take. In kuma ya tura alhali shi kaɗai ne, 'yan sanda na jiransa da tara.

Inda matsalar take, Hajiya, dawowa ce. Da an wuce shida na yamma layi ya mutu. Wanda aiki ya riƙe sai ya nemi bas, don haka a riƙa fita da katin bas a aljihu.